Waldar Bahago

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Takarda ta zo daga jami'a. Mai ɗakina ce ta aiko mini da ita shago, a naɗe cikin leda a kan kwanon abincina, don ta san in a gida ta ba ni zan ce sai anjima. Na karanta sau uku. In an cire ladabin ofis, ga abin da ta ce: 'yata ba za ta wuce aji uku a sashen injiniyan injina ba sai ta yi gwajin injin sassaƙa ƙarfe da hannunta, ranar Juma'a 28 ga wata. In ba ta yi ba, suna ba ta shawara ta koma wani sashe. Wanda ake yi a zaune, ke nan.

Injin nan a tsaye ake aiki da shi. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye gaban irinsa, ba wanda zai koya mini. Ita kuwa Injiniya wata goma sha huɗu ke nan ba ta tsaya ba.

Injiniya nake kiranta tun tana shekara shida, ranar da ta kwance rediyona ta jera notinansa bisa girmansu a kan tabarma. Yau sunan ya yi mini nauyi a baki.

Ban ci abincin ba. Mai Fenti, maƙwabcina a layi, shi ya cinye, ya kuma ce gishiri ya yi kaɗan.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je jami'ar ba tare da na gaya wa kowa ba. Ɗakin injinansu ya ninka shagona sau biyar, injina goma sha biyu a jere, kowanne ya kai mini ƙugu. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne da ɗalibai ke kira Malam Ƙa'ida, ban kuma daɗe ba na ga dalili. Alƙalami uku ne a aljihunsa, kowanne da launinsa.

Na ce ni uban ɗaliba ne. Ya ce ya gane wacce.

"Yarinyar tana da hannu," in ji shi. "Amma birkin injin nan na ƙafa ne. In hannun rigarta ya naɗe a injin, da me za ta taka?"

Na ce sai a gyara injin. Ya ce kayan jami'a ne, ko fenti ba ya shafa musu sai da takarda.

"To in wani ya kawo nasa fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan kuma sai ofishin tallafi. Hawa na biyu."

A hawa na biyu na sami wata mata mai fara'a, bangon ofishinta cike da hotunan ɗalibai sanye da hular kwano. Ta ce aikinsu karɓar gudummawa domin ɗaliban da aka saba bari a baya: 'yan mata, masu buƙata ta musamman, da waɗanda a gidansu ba a taɓa zuwa jami'a ba. Ta ce yawanci kuɗi ake kawowa. Na ce ni inji zan kawo, wanda za a yi aiki da shi a zaune. Har ta miƙe don murna. Wai akwai wani mai sanduna a aji biyu, da wata gajera da take hawa akwaku kafin ta kai ga injin, ga kuma mai keken guragu a aji uku.

Haka ta faɗe shi, kamar mai cewa mai jar riga. A gidanmu keken kawai muke cewa. Ni ko hakan ba na cewa.

Wurin suna a takardar na rubuta "wani bawan Allah". Ta ce za su so su manna allo da sunana a jikin injin. Na ce in suka manna zan zo da guduma.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ban buɗe aljihun tebur ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙaramin injina zan bayar, wanda Injiniya ta koyi aiki a kansa. Sai na sare masa ƙafafu, na yi masa sabuwar mazauna mai fili a ƙasa, na mai da birkin na hannu. Aikin mako guda ne ga wanda ya san tsayin da yake nema.

Yau da azahar na koma gida, abin da ban saba ba. Tana barci a ɗakinta, keken yana baranda. Na fito da tef na auna daga ƙasa zuwa mazauni, daga mazauni zuwa madogarar hannu, da faɗinsa daga taya zuwa taya. Na rubuta a tafin hannuna. Ina cikin yi mai ɗakina ta fito da tire, ta tsaya tana kallona.

"Baban Injiniya, me kake yi?"

"Taya nake dubawa."

"Da tef?"

Na ce rana tana yi, aiki yana jirana. Ta ce mai keken tana ciki, ƙofar ma ba a kulle take ba. Na ce kada a tashe ta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tun ranar hatsarin Injiniya ban riƙe abin walda ba. Duk aikin da ya zo mai walda a ciki sai na tura wa na ƙarshen layi, na ce idona ne. Idona lafiyarsa ƙalau.

Yau na ciro shi daga ƙarƙashin buhuna. Gizo-gizo ya yi gida cikin gilashin fuska. Na haɗa ƙarfe biyu na gwaji, waldar ta fito ƙudundune kamar kashin kaza. Na sake. Na sake. A na bakwai ta miƙe.

Mai Fenti ya leƙo da ya ga tartsatsi. "A'a, idon ya warke? Wane boka ne, mu ma mu je?" Na ce ya je ya ji da motar mutane da ya shafa wa kore alhali shuɗi aka ce. Ya yi dariya, amma bai tafi ba. Ya zauna a kan bokiti har na gama. Ya san kusurwar da ba na kallo, wadda na rufe da tamfol, inda ƙugiyar ɗaga kaya take. Shi ya ɗauki Injiniya zuwa mota ranar da inji ya faɗo mata, ba ni ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Da safe mun haɗu a baranda. Ta ce, "Ina kwana, Baba." Na ce lafiya lau, ina duban agogon bango. Wata goma sha huɗu ina gaisawa da agogon nan. Na san inda fentinsa ya ɓare, na san yana gaba da minti huɗu.

Ba ta taɓa ce mini komai a kan ranar ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mahaɗa goma sha shida ne a mazaunar. Kowacce na yi mata walda ciki da waje, na kankare, na duba, na ƙara dubawa. Wanda zai ɗora giwa a kai ma ba zai yi haka ba. Mai Fenti ya ce ko gada nake ginawa.

Ban buɗe aljihun tebur ba. Na dai taɓa mariƙin.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An gama. Mai Fenti ya shafe shi da fenti ruwan toka, hannu uku, ya ce ko uwar injin ba za ta gane shi ba. Ya ƙi karɓar komai, wai shi ma a rubuta shi cikin bayin Allah.

Na zauna a kan kujera na gwada. Komai yana daidai hannuna. Rabon da na ji sanyi a ƙirjina irin na yau har na manta.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mun kai shi da motar kaya. Matar ofis ta ɗauki hoto ta kowane gefe, ni kuwa na laɓe bayan ƙofa. Malam Ƙa'ida ya zagaya shi sau biyu, ya ja birkin, ya ce aiki ya yi kyau amma ba zai sa hannu ba sai ɗalibar ta gwada a gabansa. Gobe da ƙarfe goma.

A gida na ji Injiniya tana gaya wa uwarta ta taga cewa wani ya ba sashensu inji na zaune. Muryarta ta ɗaga yadda ban ji ta ɗaga ba tun bara. Na tsaya a bakin famfo ina wanke hannun da na riga na wanke.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Bai yi ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta, ko ya bar cina.

Ban yi niyyar zuwa ba, amma na je, na tsaya a waje ina leƙe ta tagar ɗakin injina. Ta turo keken ta nufi injin, ɗalibai sun kewaye ta. Keken ya shiga tsaf, ko gefe bai goga ba. Sai gwiwoyinta suka daki ƙarfen da na gitta a ƙasa. Ta ja baya, ta sake shiga, suka sake daka. Ita ba ta ji ba. Wata ƙawarta ce ta ce mata ta tsaya, ta nuna mata.

Akwai wani matashin kujera mai kauri da take zama a kai, wanda likita ya ba ta. In ta kwanta, da shi ake shiga ɗaki. Ban san da shi ba. Uban da yake gida ɗaya da ita bai san a kan me 'yarsa take zama ba. Kuma mutum yana da gwiwa, keke ba shi da ita.

Daga inda ta tsaya ta miƙa hannu wajen birkin, saura kamar taƙi guda. Malam Ƙa'ida ya girgiza kai ya mai da alƙalaminsa aljihu. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ni ne ba zan sa hannu ba.

Sai na ga ta sunkuya tana shafa mahaɗar da ke kusa da ita da ɗan yatsa, daga dama zuwa hagu, a hankali. Ni bahago ne. Waldata daga dama take tafiya zuwa hagu, kuma a ƙarshe nakan ɗan komo baya na bar wata 'yar wutsiya. Fenti hannu uku bai rufe wannan ba. Ita ce ke riƙe mini ƙarfe tun tana firamare.

Ta janye hannunta kamar ta taɓa wuta. Ta juya keken ta fita ta ɗaya ƙofar.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ba ta fito baranda ba. Agogo yana nan.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai ɗakina ta zo shago da kanta. Shekara ashirin da huɗu da aurenmu, sau biyu ta taɓa taka shagon nan, yau na uku. Ba ta zauna ba.

"Ta karɓo takardar canjin sashe. Tana kan teburinta, ba ta cike ba tukuna."

Na ce zan gyara, inci huɗu ne kawai.

"Wa ya ce maka huɗu ne? Keken?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ka auna ƙarfe ka bar mutum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ka hau rufi da guduma ba ka tambaye ta ba. Ka san abin da ta ce mini? Ta ce, Umma, Baba ya fi son ya ba jami'a inji da ya dube ni."

Na ce ba haka ba ne.

"To yaya ne? Ni na gaji da zama tsakaninku kamar labule."

Ta ɗauki kwanon jiya ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ɓata wa. Na daki tebur har abin da ke cikin aljihun ya yi ƙara.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sun dawo mini da injin. Matar ofis ta biyo motar, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi awon. Ta ce mai sandunan nan ya gwada a kan kujera ya yi masa ƙasa, gajerar kuma ya yi mata daidai amma birkin ya yi mata nisa. Mutum uku, ba wanda ya yi wa. Na ce mata bawan Allah ya ji.

Saura kwana bakwai.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Wajen ƙarfe goma na safe na ji layi ya yi tsit. Mai Fenti ya kashe injin feshinsa. Na ɗago, sai ga Injiniya a kekenta a bakin shago, ita kaɗai, littafi a kan cinyarta. Akwai dakali a ƙofar, tsayin taƙi. Ban taɓa lura da shi ba sai yau.

"Baba, sa mini katako."

Na sa. Ta hau da kanta. Ta dubi tamfol ɗin da ke kusurwa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Ba ni abin da ke cikin aljihun tebur."

Na ce ba komai a ciki sai tarkace.

"Umma ta ce ba ka yar ba. Ba ni."

Na buɗe. Zoben sarƙa ne guda ɗaya, a buɗe kamar baki. Ta karɓa ta juya shi wajen haske, ta bi waldar da farce har zuwa 'yar wutsiyar, inda ya rabu. Haka take duban kowane ƙarfe tun tana ƙarama, da harshe a gefen baki.

"Ba a yi wa sarƙar ɗaga kaya walda," ta ce. "Canzawa ake yi."

"Na sani."

"Na san ka sani. Ni ma na sani, tun a aji ɗaya aka koya mana. Na gan ta da safen ranar, na ce zan yi maka magana in mun sauke injin."

Na ce kada ta kuskura ta ɗauki ko ƙwayar wannan ta ɗora wa kanta. Da ƙarfi na faɗa, har Mai Fenti ya leƙo ya koma. Na ce nawa ne, ni kaɗai, sabuwar sarƙa tana kanti a ƙarshen layi na ce sai wani mako. Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Ta bar ni har na gama, ta miƙo mini tsumman goge hannu.

Ta sa zoben a jakarta. Ta buɗe littafin, ashe zane ne, shafi huɗu. Mazauna mai hawa da sauka, da birki mai matsawa gaba da baya.

"Ka ce wa ofis don kowa ka bayar, sai ka yi wa mutum ɗaya, ita ma ba ka auna ta ba. Ɗauko tef. Ban da inci, Baba, milimita."

Na durƙusa a gabanta. Na sa bakin tef a ƙasa, na ja shi zuwa gwiwarta. Ƙafafun sun rame, takalmin ko ƙura babu a ƙasansa. Na ɗora hannuna a kan gwiwar don tef ya tsaya.

"Ka kai?" ta ce. Tana kallon littafi. "Ba na jin hannunka, sai ka faɗa."

Na ce ɗari shida da saba'in. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa. Ta rubuta.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta zama shugabar shago. Na yanka, ta auna, ta ce na sake. Ni da na shekara talatin ina cewa "ya yi" da ido, yau ana mai do mini da ƙarfe saboda milimita biyu. Mai Fenti ya ce a ƙarshe dai an samu mai gidan shagon nan. Ta aika aka kira mai sanduna da gajerar, duk na auna su. Gajerar ta ce wannan ne karo na farko da aka auna ta ba don ɗinki ba.

In zan yi walda takan matsa baya ta juya fuska. Kowa yana juya fuska saboda hasken. Ina gaya wa kaina haka.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Takardar canjin sashe tana cikin littafin zanen, na gan ta. Ba a cike ba, ba a yage ba. Tsoro nake ji. Rabin injin nan zai kasance bisa cinyarta, kuma abin da zai riƙe shi waldata ce.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun mayar da injin jami'a. Ta hana a yi fenti a kan mahaɗa. Wai a bar su a gani.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na nufi taga, ta ce na shigo ciki.

Malam Ƙa'ida ya murɗa injin sama, ya murɗa ƙasa, ya ja birki sau uku, ya ciro jan alƙalami ya mayar, ya ciro shuɗi. Ya ce mata bisimilla.

Ba ta shiga ba. Ta ce a ba ta guduma.

Haka na koya mata: ba a yarda da walda sai an ji muryarta. Mai kyau tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyen tsagu kuwa sai ta yi dum. Ta fara daga dama. Matar ofis ta sauke wayarta. Mahaɗa ashirin da biyu ne yanzu. Kowacce ta dake ta da iyakar ƙarfinta, ta karkata kai ta saurara, sannan ta matsa gaba. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, ba ta kuma sassauta don ina tsaye ba. Ina ƙirgawa a zuci. A ta goma sha tara ta daka sau biyu. Ta wuce.

Da ta gama ta miƙo mini gudumar, ni, ba Malam Ƙa'ida ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta tura keken ta shiga ƙarƙashin injin har ƙarfen ya rufe cinyarta. Ta kunna.

Akwai agogo a bangon ɗakin, babba, ana ba su minti arba'in. Mai ɗakina ta tambaye ni ɗazu minti nawa ta ɗauka. Na ce ban sani ba, ban duba agogon ba.